Ni Na Bi Sawu, Arzika Ya Ci Suna

Na ga kuna ta kai da kawowa a ƙofar gidan mai ƙasa, kowa ya wasa mashinsa, kuna jiran a naɗa muku jan rawani. Na kuma san abin da ya kawo ku. Masu garaya kuka saurara ranar kasuwa suna zuba sunan Arzika, kuka ɗauka aikin dogari a bakin daji bai wuce mutum ya hau doki ya yi magana mai daɗi, mai laifi ya miƙo hannu a ɗaure shi ba. To ku matso inuwa. Ni Nomau tare muka shiga aikin nan da Arzika, salka ɗaya muka sha, kuma abin da masu garaya ba su sa cikin kiɗinsu ba shi zan gaya muku.

Lokacin da na fara, Dakoro ƴan rijiyoyi ne da rumfunan kara da fagen da ake tsai da dabbobi ranar kasuwa. Kudu manoma, arewa Buzaye da raƙumansu, Fulani kuma suna ratsawa tsakani da shanu, su hau da damina su gangaro da rani. Sarki yana can nesa, kafin ƙara ta kai gare shi an binne wanda za a binne. Mai ƙasa ne kaɗai a nan, da mu ƴan dogaransa da ba mu cika tabarma biyu ba. In an sace, mu. In an yi faɗa bakin rijiya, mu. In shanu sun shiga gero, mu.

Takobi kuke kallo, shi ne kuwa abin da ya fi komi daɗewa cikin kube. Kayan aikin dogari na farko salka ce. Wanda bai iya jiƙa salka da ɗinke ta in ta tsage ba, kada ya wuce rijiyar Korahane. Sai igiyar fata, wadda ake shafa wa man shanu don kada ta bushe ta yanke hannun wanda ka kamo, domin da rai da lafiya ake son shi, ba gawa ba. Sai takalmi mai faɗi saboda ƙarangiya, da ɗan hantsakin cire ƙaya, da garin gero a burgame. Dokin Arzika da kuke ji ana yabo, mai farin goshi, na ranar kasuwa ne. Daji bisa raƙumi muke shiga, shi ma haka. Ni dai ba wanda ya taɓa ba ni doki, amma wannan wata magana ce.

Baba Tunau ya koya mana aiki. Tsoho ne gajere mai ido ɗaya, shi ne babban dogari a lokacin. Damina ɗaya aka kai mu gare shi, ni daga gonar ubana, Arzika kuwa daga ayarin gishiri, inda ya taso yana jan akalar raƙuma. Baba yakan fitar da mu da sanyin safiya ya nuna ƙasa da sanda ya ce, "Mi ya wuce nan?" In ka ce raƙumi, ka sha bakin igiya. So yake ka ce taguwa ce, tana ɗauke da kaya, ƙafarta ta hagun baya tana ciwo, kuma mai ita yana sauri. Yakan fasa kashin raƙumi da yatsa ya sa ka sansana, ka faɗi abin da dabbar ta ci da inda ta sha ruwa. Ya koya mana shaidar wuta da kowane dangi ke yi wa dabbobinsa a wuya ko a cinya, har mutum ya hango raƙumi daga nesa ya san tantin da ya fito.

Ni na iya. Ba yabon kai ba ne, kowa ya shaida. Kafin shekara ta zagayo ina bin sawu a fako, inda ƙasa ta yi tauri kamar dutsen niƙa. Arzika kuwa har ya mutu ba ya rarrabe sawun jaki da na ɗan maraƙi sai ya duƙa. Amma in ya yi kuskure sai ya faɗi wata magana, Baba ya yi dariya har ya manta da igiyar. Ni in na faɗi daidai, abin da nake samu shi ne, "To." Shekaru ina jiran abin da ya fi "to" daga bakin tsohon nan, ban samu ba.

Aikin farko da aka tura mu mu biyu, taguwa ce ta wata tsohuwar Buzuwa daga wajen Tagriss. Mijinta ya mutu, nonon taguwar nan ne abincinta da na jikokinta. Ta zo ƙofar mai ƙasa ta zauna, ta ce ba ta tashi sai an nemo mata. Na ɗauki sawu daga inda aka kwance dabaibayi, na bi shi har wata rijiya inda garke ya tattake komi. Na ce wa Arzika mu zagaya mu yanko shi a gaba. Ya ce, "Je ka, Nomau. Ni ƙishirwa nake ji." Na waiwaya na gan shi ya karɓi guga daga hannun wasu mata yana ja musu ruwa, yana ba su dariya da guntun Buzancinsa na ayari.

Na tafi ni kaɗai. Na sha rana, na sha ƙaya, ruwana ya kusa ƙarewa, na yanko sawun can bayan tudu, na bi shi kwana da kwanaki har ya kai ni wani tanti a gindin aduwa. Na kwantar da raƙumina nesa, na zare takobi, na lallaɓa. Da na leƙa, wa zan gani? Arzika zaune bisa tabarma, ƙwaryar nono a hannunsa, ɓarawon yana gefensa yana ba shi labarin yadda yunwa ta sa shi. Taguwar kuwa ga ta can an riga an ɗaura mata akala. Matan bakin rijiya sun faɗa masa sunan mutumin da inda ya sauka tun kafin in gama zagayen tudu.

Ya ɗaga kai ya ce, "Nomau, mai da takobin nan ka zo ka sha nono. Ka yi baƙi."

Da muka kai wa tsohuwar taguwarta, ta kama hannun Arzika da hannu biyu tana sa masa albarka, ta ba shi jakar fata mai ado wadda mijinta ya bari. Ni ta miƙo mini cuku guda. Na ci, don ina jin yunwa.

Haka muka yi ta tafiya. Ni ƙasa ke yi wa magana, shi mutane. Kuma mutane su ke da baki ranar kasuwa, ƙasa ba ta da shi. Ku san wannan tun yanzu: masu kawo ƙara ba aikinka suke gani ba, fuskarka suke gani. Manomi zai zo yana rantsuwa shanu sun cinye masa gona duka, ka je ka tarar kunya biyu ce. Bafillace zai ce maka bai taɓa ganin gonar ba, alhali ganyen gero na bakin saniyarsa. Buzu ba zai faɗi abin da ya kawo shi ba sai kun gama gaisuwa ta kai ga awakin kakarsa. Ni in na ji ƙarya sai in ce ƙarya ce. Arzika sai ya ce, "Wataƙila ba ka duba da kyau ba, mu koma tare." Ƙarshenta hukunci ɗaya muke kaiwa, amma ni a tsine mini, shi a aiko masa da fura.

Sai shekarar nan da ruwa ya ƙi. Aka yi shuka ta ƙone, aka sake ta ƙone. Tafkuna suka bushe tun kafin kaka, Fulani da Buzaye suka gangaro da wuri, kowa ya taru kan rijiyoyin da suka rage. A shekarar Baba Tunau ya kwanta ciwon da bai tashi ba, kowa kuma ya san cikinmu biyu za a ba ɗaya sandarsa.

A rijiyar Korahane abin ya faru. Akwai wani mai suna Ɗan Baro, shi da danginsa suka haƙa rijiyar, suka ce baƙo ba ya shayarwa sai sun gama. Wani Bafillace, Ja'e, ya jira tun safe har rana ta take, shanunsa suna faɗuwa a gabansa. Ya sa guga, Ɗan Baro ya yanke igiyar. Ja'e ya ɗaga sanda sau ɗaya. Ɗan Baro bai kai la'asar ba. Ja'e ya kora abin da ya rage na shanunsa ya yi arewa.

Kafin labari ya iso mu, wan mamacin, Illo, ya tara dangi da kibau da masu, sun ce in ba a ba su Ja'e ba, duk rugar da ke tsakanin Korahane da Dakoro sai ta ci wuta. Fulani su ma suka fara janye mata da yara. Mai ƙasa ya kira mu ya ce, "Ku kawo mini shi da ransa, a gaban malam mai shari'a za a yi maganar nan. In Illo ya riga ku, ƙasar nan ba mai zama cikinta bana."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ko ya shiga ramin gafiya zan fito da shi."

Amma Arzika mai ƙasa ya kalla sa'ad da yake cewa Allah ya kiyaye hanya.

A wannan karon ba matan bakin rijiya, don rijiyoyin arewa duk sun ƙafe, ba kowa a dajin. Sawu ne kawai, sawu kuwa nawa ne. Ban ma sha wuya ba da farko, gawar shanu ke nuna hanya, nan ɗaya, can ɗaya, ungulaye na bisa. Da shanun suka ƙare sai sawun mutum shi kaɗai, yana jan ƙafar dama. Na ce wa Arzika kurkunu gare shi, ba zai yi nisa ba. Muka same shi da hantsi a inuwar wata ƙaya, leɓensa ya tsage, ƙafar ta kumbura kamar tulu, amma baka na hannunsa, kibiya a ɗane.

Na ce mu rabu biyu, ni in zagaya ta bayansa. Arzika ya kwance takobinsa ya rataya a sirdi, ya ɗauki salkata, tawa fa, ba tasa ba, ya nufi mutumin a fili yana tafiya kamar mai zuwa gaisuwa.

Ja'e ya ce, "Tsaya nan. Na san jan rawani."

Arzika ya ce, "Ka san shi, amma ruwa na kawo. Sha tukuna, in ka ga dama ka harbe ni bayan ka sha. Ba a harbi da ƙishirwa, hannu rawa yake."

Ya aje salkar ya ja da baya ya zauna. Ja'e ya daɗe yana kallonsa, sa'an nan ya sauke bakan ya sha. Da ya sha sai ya fashe da kuka, yana cewa bai yi niyyar kisa ba, shanun ubansa ne, ya ga suna mutuwa. Arzika ya bar shi ya gama, ya ce, "Ɗan'uwa, in ka zauna nan ungulu za ta ci ka, can kuma a ƙone rugar uwarka. In ka biyo mu, ban ce ba za a hukunta ka ba, amma na ɗaukar maka alkawari ba mai taɓa ka sai malam ya yi magana." Ja'e ya miƙo hannu. Na fito da igiya, Arzika ya ce a bar ta. Igiyar da na kwana ina shafa wa mai.

Muka ɗora shi bisa raƙumi muka juyo. Da muka kusa gida, na ga sawun mutane da yawa sabo ya ratsa hanya, na hau tudu na hango su: Illo da danginsa sun tare mashigin da ke tsakanin tuddai biyu, inda dole mai raƙumi ya bi. Hanya ɗaya ta rage, wani busasshen gulbi mai sarƙaƙiya da ke zagayawa ta yamma ya ɓulla bayan gari. Raƙumi ba ya shigarsa, Ja'e kuma ba ya iya taka ƙasa.

Na ce, "Ni zan tsaya musu. Kai ka bi gulbi da shi."

Na faɗi haka ne da gaske. Na ga ranar da ni ma za a gan ni ta zo.

Arzika ya ce, "Nomau, in ka tsaya musu, kafin Illo ya rufe baki ka zare takobi. Ni kuma in na shiga gulbin nan, sai dai a nemo mu biyu. Ban san shi ba, kai ka san shi."

Duka biyun gaskiya ne. Na tuɓe rawanina na ɗaure Ja'e a bayana kamar yadda mace ke goyon ɗa. Arzika ya ja raƙuman ya nufi mashigi, yana tafe a hankali don su ɗauka muna bayansa.

Ba zan iya gaya muku nisan gulbin nan ba. Na san dai yashi ne mai cin ƙafa, ƙaya ta yage mini riga da fata, mutumin nan kuma ko da yunwa ta cinye shi, ƙashinsa nauyi gare shi. Zazzaɓi ya kama shi, yana ta kiran sunayen shanunsa a kunnena ɗaya bayan ɗaya. In na faɗi sai in rarrafa, in na samu kututture in dafa in miƙe. Takalmina ɗaya ya tsinke na bar shi nan. Rana tana gab da faɗuwa na ɓulla bayan gidan mai ƙasa, na sauke shi a zaure, na zube kusa da shi. Ba wanda ya gan mu sai wata baiwar Allah mai daka, ita ma ta ɗauka itace na ɗauko.

Abin da ya faru a mashigi, ni da aka yi aikin da ni, a bakin mutane na ji shi kamar yadda kuka ji. An ce Arzika ya kwantar da raƙuma a tsakiyar hanya ya zauna ya yi wa Illo ta'aziyya. An ce ya riƙe su da magana har inuwa ta juya, yana tuna musu Ɗan Baro da yadda ya haƙa rijiyar, har Illo ya sunkuyar da kai. Da suka gane ba Ja'e a tare da shi, sai hayaniya ta tashi, wani daga baya ya jefo mashi, ya same shi a kwiɓi. An ce da ya faɗi, su da kansu suka watsar da makamai suka ɗauko shi. Haka suka shigo gari, waɗanda suka fita kisa suna ɗauke da dogari bisa kafaɗa, duk gari ya fito yana kallo.

Ya yi ƴan kwanaki yana jinya. Mai ƙasa ya zo da kansa ya tambaye shi wanda ya jefa mashin. Ya ce, "Ranka ya daɗe, rana ce a idona, ban gani ba." Aka yi aka yi, bai ƙara ba. Da aka fita ya rage mu biyu, na ce masa, "Ka gan shi." Ya ce, "Yaro ne, Nomau. In an kama shi, an koma inda aka fito." Sa'an nan ya dubi ƙafafuna da ke naɗe da tsumma ya ce, "Ka kawo shi?" Na ce na kawo shi. Ya ce, "Na san za ka kawo shi." Daga wannan jinyar bai tashi ba. Ko mutuwa sai da ya iya ta fiye da kowa.

Malam ya yanke diyya, dangin Ja'e suka haɗa daga abin da fari ya bar musu, Illo ya karɓa, don bayan abin da ya faru ba shi da fuskar ƙi. Ba rugar da aka ƙone. Baba Tunau ya bi Arzika kafin damina, aka ba ni sandar. Mai ƙasa da zai miƙo mini ita ya ce, "Allah ya sa ka riƙe ta yadda Arzika zai riƙe." Na ce amin. Mi zan ce?

Na riƙe ta har gashina ya yi fari. Na kamo ɓarayin raƙuma daga inda ba a zaton mutum zai koma da rai, na raba faɗan rijiya da ba su ƙirguwa, ba a taɓa kashe wanda na kamo a hannuna ba. Arzika kuwa yana nan saurayi a bakin mutane, ba ya tari, ba ya mantuwa, gwiwarsa ba ta ciwo, bai taɓa yanke hukuncin da wani ya ji haushi ba tun ranar da aka binne shi. Ku gaya mini yadda mai rai zai yi takara da wannan.

Bara da kaka wani tsohon Bafillace ya zo kasuwa da garke mai kyau, yana ɗingishi da ƙafar dama. Tun daga nesa na gane tafiyar. Ya kawo wa iyalin Arzika karsana, aka ce masa ga babban dogari can zaune, sai ya zo ya durƙusa ya gaishe ni. Ya zauna ya ba ni labarin ranar nan tun daga farko, yadda Arzika ya kawo masa ruwa, yadda ya hana a ɗaure shi, yadda ya tsaya wa mashi dominsa. Ya ce daga nan zazzaɓi ya ɗauke shi, bai san yadda aka yi ya tsinci kansa a zauren mai ƙasa ba. Ya ce shi dai yana tuna kamar wani ya goya shi, yana jin numfashin mutumin da warin zufarsa, amma ya fi zaton mafarki ne.

Na ce, "Ja'e, dube ni da kyau. Ka san ni?"

Ya matso ya ƙura mini ido, ya daɗe. Can sai fuskarsa ta washe, ya kama hannuna ya ce, "Na gane ka. Kai ne abokin Arzika, mai igiya."

Na ce masa i, ni ne. Na sa aka kawo masa fura.